Versace Bright Crystal a zafin Kano: ƙamshinsa da yadda yake kama jiki

'Yan uwa masu tambayata a kan turaren nan Bright Crystal na kamfanin Versace, yau dai bari in faɗa muku yadda na same shi tunda kwalbar tawa ta kusa rabi. Tun farko in kin san ke mai son turare mai ƙarfi ce, wanda za ki fita daga ɗaki ki bar shi a ciki, irin su oud ko humrar 'yan Maiduguri, to wannan ba naki ba ne, ki riƙe kuɗinki. Turare ne mai sanyin ƙamshi, na furanni, mara nauyi, kuma da gangan aka yi shi haka.

Ba sabo ba ne fa, tun 2006 ya fito, wani gwanin haɗa turare Alberto Morillas ne ya haɗa shi. Kwalbar ruwan hoda ce mai haske, murfin kuma wani ƙato mai kusurwoyi kamar lu'ulu'u, nawa mai mil 90 ne amma akwai na 30 da na 50.

Ina fesawa abin da ya fara dukan hancina wani ɗan tsami-tsami ne mai sanyi, wannan yuzu ne, wani lemo na ƙasar Jafan, da rumman. Wallahi minti goman farkon nan su na fi so, in kin fito daga wanka da safe kin fesa sai ki ji jikinki ya yi wasai, ko da kuwa daren an kwana ba wuta ana fifita. Daga nan tsamin ya kwanta furannin su taso, akwai peony da magnolia da lotus, shi lotus ɗin fure ne na ruwa da ya yi kama da bado, shi ya sa ƙamshin yake da wani danshi-danshi, babu zaƙin nan mai hawa kai da ake samu a turarukan da aka cika wa banila. Can ƙarshe kuma sai miski mai laushi da ɗan ambar da ɗan ƙamshin itace, amma sai kin kai hancinki kusa da fata za ki ji shi sosai.

To maganar daɗewa, wadda ita ce kowa ke tambaya. A fatata, lokacin zafin nan na Afrilu da rana ke kai digiri 40, awa uku zuwa huɗu yake yi, awa ɗayan farko wadda ke zaune kusa da ni a ofis tana ji, bayan nan sai ya koma nawa ni kaɗai. A kan mayafi kuwa labarin daban ne, in na fesa da safe har la'asar in na ɗaga shi zan yafa ina jin furen nan, wani lokacin ma washegari in na buɗe durowa yana nan kaɗan-kaɗan. Auduga da atamfa sun fi riƙe shi a kan yadi mai santsi.

Kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, don a jikin kwalin an rubuta eau de toilette, wato man turaren da ke ciki bai kai na eau de parfum yawa ba, yawanci tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ne, sauran sinadarin da ke ɗauke shi ne ya bi iska. Ga shi dama ƙamshin lemo da na fure su suka fi saurin tashi, zafi kuma ƙara musu gudu yake. Mu kuma mun taso ne a hannun iyayen da ke jiƙa humra da sandal da farce da miski a mai, a turara kaya a kabbasa har sai an wanke su sau biyu ƙamshin bai fita ba, shi ya sa duk turaren da bai kwana a jiki ba sai mu ce ruwa ne. Ba aikinsu ɗaya ba sam.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi, hanci yana sabawa. Sau da yawa zan ɗauka ya gama tafiya, sai Anti da muke aiki tare ta ce "ke wai wane sabulu kike wanka da shi ne haka?" alhali ni na daina jin komai tun ɗazu. Don haka kafin ki ƙara fesawa ki tambayi wani tukuna.

Abin da nake yi ya ƙara daɗewa ba wani abu mai wahala ba ne, ina shafa ɗan basilin ko mai mara ƙamshi a wuya da bayan kunne da gwiwar hannu ta ciki kafin in fesa, musamman da hunturu da fata ke bushewa ta ƙi riƙe komai. Ba na murza hannuwa bayan na fesa, barinsa nake ya bushe da kansa. Sai feshi ɗaya a mayafi daga ɗan nesa. Amma don Allah kar ki fesa shi a kayan da kika riga kika turara da turaren wuta, haɗiye shi zai yi gaba ɗaya, asara ce kawai. Kuma kar a bar kwalbar a mota ko bakin taga, zafi da hasken rana suna canja turare.

Inda ya fi yi min amfani shi ne wajen aiki da ranar zuwa asibiti ko dubiya, wurin da ake zama a matse ba a son abin da zai sa wa wani ciwon kai ko ya tayar wa mai ciki zuciya. Ni dama ba na son in fita ƙamshina ya riga ni isa titi, wannan kuwa yana tsayawa iya inda nake. Biki da daddare dai ba na ɗaukarsa, cikin hayaƙin turaren wuta da humrar jama'a ko ni ba zan ji shi ba.

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne yanzu da dala ta hau, kuma da yake ya yi suna jabunsa ya cika kasuwa, in kika ji farashin ya yi araha da yawa ki ja baya. Shawarata ki fara sayen ɗan tsiyaye na mil 5 ko 10 wajen wadda kika yarda da ita, ki gwada a fatarki da rana tsaka, don yadda ya zauna a jikina ba lallai ya zauna a naki haka ba. Wadda kuma ta ji ƙamshin ya yi mata amma tana son mai ɗan ƙarfi, akwai Bright Crystal Absolu da suka fitar a 2013, shi eau de parfum ne, ya fi zaƙi kuma ya fi kama jiki, shi nake so in saya in wannan ya ƙare, in sha Allahu.