Apaiser a Ingilishi: appease, soothe ko calm?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace kalmar Ingilishi ce take daidai da "apaiser" ta Faransanci, kuma ko "appease" ta wadatar tunda sun yi kama. Kamar tasu ba ta banza ba ce, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu daga "paix" suka fito, wato zaman lafiya, Ingilishi kuma daga tsohon Faransanci ya aro tasa. Sai dai kama da wane ba wane ba ne.

Abin da ya ɓata wa "appease" suna siyasa ce. A watan Satumba na 1938 firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya je Munich ya amince Hitler ya ɗauki yankin Sudetenland na ƙasar Czechoslovakia, wai don a kauce wa yaƙi. Shekara na zagayowa yaƙin ya ɓarke. Tun daga nan "appeasement" take warin tsoro, kamar a jefa wa kura nama don ta bar ka. Saboda haka in jaridar Yamai ta ce gwamna ya je "apaiser les tensions" tsakanin manoma da makiyaya, kai kuma ka rubuta cewa ya yi "appease" ɗinsu, ka zage shi ba ka sani ba. "Ease tensions" ko "defuse tensions" ake cewa. Haka "élections apaisées" da ake yawan ji lokacin zaɓe a Nijar, "peaceful elections" ce kawai.

Dabarata ita ce in fara mayar da jimlar Hausa, domin mu ma ba kalma ɗaya muke amfani da ita ba. In rarrashi ne, kamar uwa da jariri mai kuka, "soothe" ce. Ita ce kuma ta man shafawa da ke sanyaya ƙuna ko ƙaiƙayi, shi ya sa kwalbar da aka rubuta wa "crème apaisante" za ka ga "soothing cream" a ɗaya gefen. In kwantar da hankali ne, "calm" ce, ko "calm down". Bambancinsu: "soothe" da taushi take zuwa, da shafa da sanyin murya, "calm" kuwa ko ɗan sanda da lasifika yana iya yi wa taron jama'a.

In kashe ƙishirwa ce, "quench". Tsoro da zargi "allay" suke ɗauka. Baƙin ciki da nadama kuma "assuage", amma wannan ta littafi ce, ban ba ka shawarar ka kai ta kasuwa ba.

Ga mai fushi da ake ba baki akwai "placate" da "mollify". Akwai "pacify" ma, sai dai ni ina ɗari-ɗari da ita: Turawan mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa duka, "pacification" suke kiran yaƙe-yaƙen da suka ci ƙasashenmu da su, har da cin Kano da Sakkwato a 1903.

Saura "s'apaiser", inda abu ke lafawa da kansa. Iska ta lafa, "the wind died down". Ciwo ya lafa, "the pain subsided". Mutum ya huce, "he calmed down". Turo jimlar da kake fassarawa mu ga wacce za ta zauna.