Wata 18 da Tankin Kifi Mai Ambaliya: Abin da Idona Ya Gani

Ranar da aka fara kunna famfon, 'yar autata ce ta fara lura. Ta rugo ta ja rigata tana cewa, "Baba, ruwan ya cika, zai zube!" Na ce mata ai zubar ce aikinsa. Ba ta yarda ba sai da ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta ga inda ruwan yake komawa. Yau wata 18 ke nan, kuma har yanzu duk baƙon da ya shigo falo sai ya ɗan ja da baya ya duba ƙafarsa kafin ya zauna.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tankin kifi ne na ruwan gishiri, amma ba shi da murfi, kuma ruwansa ba ya tsayawa ƙasa da baki da yatsa biyu ko uku kamar na sauran tankuna. Cika yake fal, ya haura gefuna huɗu, ya gangaro a jikin gilashin ta waje siriri kamar leda, ya faɗa wata magudana da ta kewaye gindin tankin. Daga nan bututu ya kai shi wani tanki na biyu da ke ɓoye cikin kabad a ƙasa, inda matatar ruwa da hita da injin kumfa mai fitar da datti suke, sai famfo ya sake tura shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana. Nawa santimita 60 ne tsawo da faɗi, zurfinsa 45, wato kimanin lita 160. Idan aka haɗa da na ƙasa, ruwan ya kai lita 200.

Kyau kam, ba a magana. In ka kashe fitilar ɗaki ka bar tasa, sai ka rantse wani dunƙulen ruwa ne aka yanko daga teku aka ajiye a kan tebur, ba tare da wani abu ya riƙe shi ba. Samansa kwance yake lif kamar madubi, don haka kana iya tsayawa ka kalli abin da ke ciki ta sama, kuma ta saman nan ne murjani, wato halittun tekun nan masu rai da ke kama da tsiro, ya fi nuna launinsa. Ina da katantanwar teku guda ɗaya mai ɓawo biyu, irin wadda masana ke kira Tridacna. Ta gefe ba ta da wani armashi, amma ta sama shuɗin da ke jikinta sai ka ce an kunna mata wuta a ciki. Saboda ita kaɗai na yafe wa tankin nan laifuka da dama.

Laifukan kuwa suna da yawa, kuma kusan dukansu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato daga ambaliyar nan da ta sa na saye shi.

Na farko shi ne daidaito. Tankin da aka saba, ko ya ɗan karkata, ba wanda zai kula. Wannan kuwa ruwa ba ya rufa masa asiri. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ya isa ka ga ruwan ya tattara yana zuba ta gefe guda, ɗaya gefen ya bushe ƙayau, gishiri ya yi masa fari. Yini guda na ɓata da ma'aunin magina, wannan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ina murza ƙafafun kabad ɗin har komai ya zauna. Bayan mako uku nauyi ya yi aikinsa. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo ɗaya, ga duwatsu, ga yashi, ga gilashin kansa. Kusurwa ɗaya ta ɗan nutse, sai ga gefen hagu ya daina zuba. Wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya ce, "Malam, ƙara wa famfon ƙarfi kawai, zai rufe." Ya rufe ɗin, amma sai ƙara ta ƙaru, ruwa ya fara fantsama. Dole na rage ruwa na sake daidaitawa daga tushe.

Sai ƙafewar ruwa, wadda ita ce ainihin abin da zan ce wa mai niyyar saye ya yi wa lissafi tun kafin ya biya. A tankin da aka saba, saman ruwan ne kaɗai ke haɗuwa da iska. A nan sama na haɗuwa da iska, bango huɗu ma haka, ga magudana, ga tankin ƙasa. Nawa yana shanye lita huɗu zuwa shida a rana, ya danganta da bushewar iska da ko fanka na kunne. Abin da sabon shiga ke yawan kuskurewa shi ne, ruwa ne ke tashi, gishiri ba ya tashi. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wanda a ma'auni ake karantawa 1.025 zuwa 1.026. Ka ga a lita 200 akwai kilo 7 na gishiri. In ka yi sakaci kwana huɗu lita 20 suka ƙafe, kilo 7 ɗin nan yana nan daram a cikin lita 180, gishirin ya tashi zuwa kusan giram 39 a lita. Kifi zai iya daurewa na ɗan lokaci, amma murjani da jatan lande ba sa son wannan hawa da sauka. Saboda haka ruwan da ake ƙarawa kullum ruwa ne marar gishiri, kuma ba na famfon gida kai tsaye ba, sai wanda aka tace ta na'urar nan mai cire komai da komai, don na famfo yana iya ɗauke da kulorin da fosfet, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu, shi kuwa jan ƙarfe guba ne ga duk halittar teku marar ƙashin baya.

Watanni biyu na farko da jarka nake ƙarawa safe da yamma, kamar mai ba dabba ruwa. Na gaji. Na sayi 'yar na'ura mai lura da tsayin ruwa a tankin ƙasa, da ya sauka sai ta ɗebo daga wani bokiti ta cike. A ganina ba ma daidai ba ne a sayar da irin wannan tanki ba tare da ita ba. Ko da ita ɗin, bokitin lita 20 kwana huɗu yake yi, don haka tafiyar mako guda sai an bar wa wani amana. Ruwan da ke tashin nan kuma ba ɓacewa yake ba, a ɗakin yake zama. Hinjin kabad ɗin sun yi tsatsa cikin wata shida, na canja su da waɗanda ba sa tsatsa. Amfani ɗaya da ƙafewar ke yi shi ne tana sanyaya ruwan, to amma hakan na nufin in gari ya yi sanyi hita ba ta hutawa, tunda ana son zafin ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 26.

Batun girka tanki tun farko ba shi da bambanci da na kowane tankin ruwan gishiri, don haka ba zan tsawaita ba. Ka zuba yashi da duwatsu, ka jira mako huɗu zuwa shida ƙwayoyin bakteriya su kafu, su riƙa mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sai gwaji ya nuna biyun farko sun koma sifili sannan ka sa kifi. Mai gaggawa gawa zai kwasa.

Zaɓen kifin ne ke da nasa sharaɗin. Babu murfi, babu ko ɗan bangon da zai tare, ruwan da bakin gilashi daidai suke. Na karanta cewa akwai kifayen da tsalle ɗabi'arsu ce, na ji, amma na ga wani ɗan siriri mai farin kai da jan wutsiya, mai wata doguwar ƙaya a gadon baya da yake kaɗawa kamar tuta, zuciyata ta rinjaye ni. Kwana tara ya yi. Da asuba na fito na ƙirga ban gan shi ba. Na duba bayan duwatsu, na duba magudana, na buɗe kabad. Can na hango shi a bayan kujera, fiye da taku biyu daga tankin, ya bushe ya lanƙwashe, ƙura ta manne masa. Wataƙila wani abu ne ya firgita shi cikin dare. Laifina ne, ba na kifin ba, kuma tun daga nan ban sake sa mai tsalle ba.

Yanzu kifi huɗu kawai gare ni. Biyu daga cikinsu su ne 'yan ƙananan nan masu ruwan goro da fararen ɗamara uku, Amphiprion ocellaris, waɗanda ba sa nisa da wurin da suka zaɓa. Abin mamaki game da su, wanda ya fi girma da ƙarfi a cikinsu shi ke rikiɗewa ya zama mace, kuma na ga hakan da idona: tare na sayo su kai ɗaya, yau ɗaya ta kusa ninka ɗayan, ita ke korar kowa har da hannuna. Su ma sau ɗaya na tsinci ƙaramin a magudana yana iyo, ambaliya ta tafi da shi. Na sa masa raga a bakin bututu tun daga ranar.

Dodon koɗi kuwa ba ya san iyaka. Tunda bangon waje jiƙe yake, shi a wurinsa duk teku ne. Yana haura baki ya gangaro ta waje yana kiwonsa hankali kwance, wani ya koma da kansa, wani ya faɗa magudana ya toshe hanya. Duba magudana ya zama mini aikin kowace safiya.

Ciyarwa ma sai da dabara. Duk abincin da ke yawo a sama, cikin daƙiƙa kaɗan ya bi ambaliya ya tafi tankin ƙasa ya ruɓe. Sai dai ka kashe famfo na minti goma, ko ka jiƙa abincin ka tura shi ƙasa da sirinji. Haka in za ka sa hannu ciki, a hankali, domin ruwan da hannunka ya ture ba shi da wurin zuwa sai waje, kuma in ka yi garaje zai tsallake magudanar ya sauka a kan tayil. Injin da ke kaɗa ruwa a ciki, wanda murjani ke buƙata, shi ma ba a sake masa linzami, in ba haka ba igiyar ruwa ta riƙa watso maka gishiri a ƙafa.

Babban tashin hankalin da na gani a wata na bakwai ne. Wuta ta ɗauke cikin dare. In famfo ya tsaya, ruwan da ke magudana da bututu duk ƙasa yake komawa, kuma tankin ƙasa an bar masa sarari don haka. Matsalar ita ce bututun da ke kawo ruwa sama, ta gindin tankin ya shigo, abin da ke hana ruwa komawa ta cikinsa kuwa wani ɗan bawul ne mai buɗewa ta hanya ɗaya. Ƙwayar yashi ta maƙale masa, bai rufe ruf ba. Ruwa ya yi ta tsiyaya har tankin ƙasa ya cika ya tumbatsa. Uwargida ce ta tashe ni: "Maigida, taso ka ga tekunka ya iso ƙofar ɗaki." Mun kwashe kusan bokiti biyu da tsumma. Allah Ya taimaka soket ɗin a sama na kafa su, ba a ƙasan kabad ba. Na tuntuɓi waɗanda suka sayar mini, amsar da na samu ita ce a riƙa wanke bawul ɗin, abin da ba su rubuta a takardar da ta zo da kayan ba. Gyaran da na yi shi ne na ɗaga bakin bututun zuwa kusa da saman ruwa, na ɓoye shi a bayan dutse, ta yadda ko bawul ya ƙi aiki, abin da zai sauka bai wuce abin da tankin ƙasa zai ɗauka ba. Kuma duk wata nakan zare filogi da gangan in tsaya in ga inda ruwa zai tsaya.

Wanki ninki biyu ne, tunda gansakuka na fitowa ciki da waje. Inda ruwa da haske suka haɗu, can take. Ta waje ma ta fi saurin nunawa, kuma ko maiƙon yatsa ya taɓa gilashin sai ka ga ledar ruwan ta tsage a wurin, ta bar tsiri busasshe. Kowane kwana biyu nake bi da soso mai laushi. Duk mako ina canja kashi 10 cikin 100 na ruwan, in gwada kalsiyam, sinadarin da murjani ke gina jikinsa da shi, ya zauna tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, duk wata uku in jiƙa famfo a ruwan khal don farin dutsen da ke taruwa a jikinsa ya narke.

Kada in yi masa rashin adalci, ambaliyar tana da alherinta. Wannan dattin mai maiƙo da ke kwanciya a saman ruwan sauran tankuna, ban taɓa ganinsa a nawa ba, kullum sharewa ake. Iska na shiga ruwan sosai, kifayena ba su taɓa hawowa sama suna haki ba. In komai ya daidaita kuma, ƙararsa ba ta wuce ɗan sautin tsiyaya da sai ka kasa kunne za ka ji. In na ji sautin ya canja, na san wani abu ya toshe ko bokiti ya ƙare, tun kafin in duba.

Wanda bai taɓa riƙe tankin ruwan gishiri ba, ba zan ba shi shawarar ya fara da wannan ba. Ya fara da mai murfi, ya koyi gwajin ruwa, ya yi kurakuransa a inda ba za su gangaro masa ƙasa ba. Haka mai yawan tafiya, da mai son tara kifaye iri-iri, da wanda hanyar wucewar yara ce kaɗai wurin da zai ajiye shi. Amma wanda ya riga ya saba, murjani da katantanwa suka fi ba shi sha'awa a kan kifi, kuma yana da minti goma sha biyar kullum da ba zai yi ƙyashinsu ba, zai samu abin da tanki mai murfi ba zai taɓa nuna masa ba. Ni dai da za a mayar da ni baya zan sake saye, sai dai tankin ƙasa zan nemi wanda ya fi wannan girma, kuma na'urar cike ruwa za ta shigo gida rana ɗaya da shi. Ɗan siririn nan mai tuta kuwa, a wurin mai sayarwa zan tsaya in kalle shi in wuce.