Hattara da mai sayar da jabun fastocin Poland a Instagram

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Turai, a yi hattara. Akwai wani shafi a Instagram da ke tallar tsofaffin fastocin Poland, wato takardun talla da ake mannawa a bango, wai na asali ne tun shekarun 1960 da 1970. Ni ya riga ya cuce ni, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san harkar ba, a zamanin kwaminisanci gwamnatin Poland ce ke shigo da finafinai, sai ta riƙa ba masu zane na gida aikin fastar talla maimakon ta ɗauki ta kamfanonin waje. Ta nan su Henryk Tomaszewski da Jan Lenica da Waldemar Świerzy suka yi suna har duniya ta san su. A 1966 aka fara gasar fastoci ta ƙasa da ƙasa a Warsaw, a 1968 kuma aka buɗe gidan tarihin fastoci a unguwar Wilanów ta Warsaw. Takardar da a da ake mannawa a bango ruwa ya wanke, yau masu tarawa kuɗi mai tsoka suke zubawa a kanta. Inda kuɗi yake kuwa, ɓarawo ba ya nisa.

Wadda na saya irin masu rubutun CYRK ɗin nan ce, na tallan wasan dabo da dabbobi. A hoto ba ta da makusa, har da alamar ninki a tsakiya, abin da ya ƙara kwantar mini da hankali ke nan. Da ta iso na shafa wurin ninkin, sai na ji sumul. Ashe hoton ninkin aka buga a jikin takardar! Wato ya samu ta gaske, ya ɗauki hotonta, ya fitar a firinta. Gaba ya yi ja-ja kamar ya tsufa, na juya bayan na gan shi fari fat.

Wani dattijo mai shagon tsofaffin littattafai a birnin Kraków na Poland na kai wa. Ko minti ɗaya bai yi ba ya miƙo mini abata. Ya ɗauko tasa ya ce in taɓa: takarda ce sirara mai arha, ba ta sheƙi, tawa kuwa kauri gare ta kamar katin biki. Ya nuna mini ƙananan rubutu a gefen ƙasa, inda ake sa sunan maɗaba'a, sau da yawa har da adadin da aka buga. A tawa wurin ya dagule, ba ya karantuwa. Girma ma ya saɓa, domin yawancin na wancan lokaci wajen santimita 59 da 84 ne, ko 68 da 98.

Sake bugu ba laifi ba ne, ana sayar da shi a fili da sunansa, da araha. Wannan mutumin kuwa kuɗin na asali yake karɓa, kuma ba ya yarda sai an tura masa kai tsaye ta banki. Ka ce ya turo hoton bayan takardar, sai ya ce tana cikin firam.

Da na yi masa magana ya toshe ni. Shekaranjiya na ga ya canza sunan shafin, amma hotunan su ne dai, har da fastar da ya ce mini ita kaɗai ta rage.