Garambawul ko injin Baljiyam: amsa ga mai Corolla da fistin ɗinsa ya lalace

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2003 ta daɗe tana shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma da makanikinka na Farin Gada a Jos ya sauke kan injin sai ya tarar da fistin ɗaya (ƙarfen da yake hawa da sauka a cikin ramin silinda) ya karce, ringinsa, wato zoben da ke kewaye da shi, ya maƙale. Ya ba ka zaɓi biyu: ko a yi wa injin garambawul, ko ka shiga Dilimi, inda ake sayar da kayan mota, ka sayi ɗan Baljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi aka shigo da shi daga waje. Ka kuma tambaya ko fistin ɗin zai gyaru.

Bari in fara da tambayar ƙarshe, domin ita ce mai gajeriyar amsa. Fistin da ya tsage, ko ya ɓule, ko gurbin ringinsa ya buɗe, ba a yi masa walda, sauya shi ake yi. Da alminiyam ake yin sa, ƙarfen da yake narkewa a wajen digiri 660, kuma idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistin yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa guda. Walda tana sauya masa nauyi da siffa, kuma ranar da ta saki, da bulok ɗin, wato gangar jikin injin, gaba ɗaya za ta tafi. Wanda yake gyaruwa shi ne fistin da jikinsa lafiya lau, datti kawai ya kama shi, kuma a irin injinka wannan ya fi yawa.

Injin motarka shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, faɗin silindarsa milimita 79. An san na farkon shekarunsa da wani ciwo: a bayan ringi na uku, mai share mai, akwai ƙananan ramuka da baƙin mai yake bi ya koma ƙasa, kuma idan ana jinkirta juye sai mai ya ƙone a wurin ya toshe su. Na taɓa riƙe irin wannan fistin a hannuna, gurbin ringin ya cika da baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tukunya, sai da aka sa tsinin waya kafin ramukan su bayyana. Daga baya Toyota ta sake fasalin fistin ɗin domin magance matsalar. Ka riƙe wannan batu, zai dawo idan mun zo kan Baljiyam.

Shi garambawul iri biyu ne, kuma a nan ake yawan yi wa masu mota rufa-rufa, sau da yawa ba da mugun nufi ba. Akwai ƙaramin, wanda ake sauya ringi da metal (bakon da karanshaf yake juyi a kai) da gasket (shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin ƙarafa) a rufe inji a kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma cikakken, wanda ake sauke inji, a kai bulok da karanshaf, sandar da fistin suke juyawa, wurin masu injin yankan ƙarfe, a auna, a gyara abin da awo ya nuna. Ƙaramin yana da amfani ne kawai idan bangon silinda bai ci ba. Ka je da kanka ka sa farce a kan karcen da ke bangon silindar: idan farcenka ya wuce sumul, goge bangon da dutsen da ake yi wa silinda zai iya isa, idan kuwa ya maƙale, sabon ringi ba zai toshe wannan hanya ba. Amma farce gwajin farko ne kawai. Tazarar da ke tsakanin fistin da bango kamar kaurin silin gashi take, saboda haka dole a sa ma'auni a sama da tsakiya da ƙasan kowace silinda, a ga ko ta zama kamar ƙwai ko bakinta ya fi gindinta faɗi. Ni kaina na taɓa yarda aka sa wa tsohuwar Golf ɗina ringi ba tare da awo ba, don ina gaggawa, kuma ba a yi wata huɗu ba hayaƙi ya dawo, na biya kuɗin aiki sau biyu.

Idan awo ya nuna silinda ta ci, sai a duba irin bulok ɗin. Dattawan makanikai da suka ƙware a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, sun saba da silinda mai zarewa, a ciro tsohuwa a zura sabuwa tare da fistin ɗinta, inji ya koma sabo. Golf mai bulok na baƙin ƙarfe kuwa ana faɗaɗa raminta a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Naka bulok ɗin alminiyam ne, da siririn bangon baƙin ƙarfe da aka zuba tare da shi tun daga masana'anta, don haka abin da za a iya yankewa kaɗan ne, kuma aikin yana buƙatar hannun da ya saba da shi. Wannan bambanci shi ne ya sa shawarar da ta dace da 504 ba lallai ta dace da Corolla ba.

Ɗan Baljiyam ya fi sauri, kuma yana zuwa da haɗin masana'anta da ba a taɓa kwancewa ba, idan an yi dace. Illarsa ita ce ba ka san tarihinsa ba, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, kuma idan na shekarun farko ne, zai iya zuwa da toshewar da ta kashe naka. 'Yan kwanakin gwajin da mai sayarwa yake bayarwa suna isa a ji ƙara ko a ga zafi, amma shan mai a hankali yake bayyana. Idan shi ka zaɓa, ka sa a buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren mai, a cire fulogogi a duba launinsu, a juya inji da hannu, sannan da zarar an ɗora shi a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Ka karɓi rasit mai lambar inji, ka kuma gyara takardun mota.

Kowanne ka ɗauka, sai an gano abin da ya karce fistin ɗin, ko zafi ne daga lagireto, ko ƙarancin mai, ko ƙurar hunturu da ta bi ta yagaggiyar matatar iska. Ina kuma roƙonka kada ka bari a cire tamostat, na'urar da take tare ruwa har inji ya ɗumama. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, injin da ba shi da ita yakan daɗe bai ɗumama ba, kuma a wannan lokacin ne ringi da bango suka fi cin juna.

Da motar tawa ce, Alhaji, ba zan sayi ko ƙusa ba sai an kawo mini awon silinda huɗun a rubuce. Idan suna cikin iyakar da littafin injin ya gindaya, zan yi garambawul da fistin huɗu masu sabon fasali, ba ɗaya ba, da ringi da metal na asali, a ɗaure kan inji da sifana mai awon ɗauri, in tuƙa a hankali kilomita 1,000 na farko sannan in juye mai. Idan kuwa karcen ya yi zurfi ko bulok ya tsage, zan nemi ɗan Baljiyam na shekarun ƙarshe na wannan inji, in tafi Dilimi tare da makanikin da zai ɗora shi, don ya duba da idonsa kafin a biya. Allah ya sa a dace.