Gargaɗi ga masu zuwa Guangzhou: an cuce ni yuan 8,400 a kan shayin Pu'er

Jama'a, an damfare ni yuan 8,400, kuɗin Chaina, a kan shayi. Faifai bakwai, kowanne yuan 1,200. Wallahi ina rubutun nan zuciyata tafasa take yi.

Kada wani ya zo min da "ai ba ka san kayan ba". Na san Pu'er, tun da na fara harka da 'yan Chaina nake shan sa a shagunansu. Daga lardin Yunnan yake fitowa, ana matse ganyen kamar faifai mai nauyin giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Akwai sheng, ɗanye, wanda ake ajiyewa shekara da shekaru ya nuna da kansa. Akwai shou, wanda a 1973 aka fito da dabararsa a Kunming, babban birnin Yunnan: a tara ganye a jiƙa, a lulluɓe, cikin wata biyu ya yi duhu. Tsohon sheng shi ne mai tsada, kuma shi na je nema.

Wanda ya kai ni shagon tafinta ne, ɗan'uwanmu Bahaushe, mun yi sallah sahu ɗaya da shi. Mai shagon ya zaunar da mu, ya sa tsinken ƙarfe ya ɓantaro ganye a gabana, ya kwara tafasasshen ruwa ya zubar da na farko, yadda ake yi don a wanke ganyen ya saki jiki. Na biyu ko daƙiƙa goma bai yi ba ya tsiyaya mana a ƙananan kofuna. Ja ne garau, kana hango gindin kofin, ba ɗaci ba bauri, sai wani zaƙi da ke dawo maka a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Ya yi ta ƙara ruwa a kan ganyen nan, ɗanɗano bai mutu ba. Wannan shayin na gaske ne, ko gaban alƙali zan faɗa. Har 'yar takardar shaidar kamfani da ake binnewa a jikin faifan ya nuna min.

Sai tafintan ya dafa gwiwata ya ce, "Alhaji, na 1998 ne, ka ɗauka a wuyana." A wuyana! Maganar nan ita ke hana ni barci. Ya dafa gwiwata fa, ya kalle ni ido cikin ido.

Ranar da na kwance ɗaurin a Kano baƙi na tara, surukina yana wurin. Ina yaye takarda warin ɗakin da ruwa ya kwanta ya buge mu. Fumfuna fara-fara a jikin faifai uku. Na ɓantara, sama ganye mai kyau, ciki kuwa itatuwa da gari. Na dafa duk da haka, ruwan ya fito baƙi ƙirin, gurɓatacce, yana ƙarnin kifi. Sabon shou ne mai araha, aka jibge shi a wuri mai laima don ya yi kamar ya tsufa. Surukina bai ce komai ba, ya dai ajiye kofin. Yuan 8,400.

Af, ban faɗa muku ba, tun a shagon na ce a kwance ɗaurin in gani. Na faɗa, Allah ne shaidata. Mai shagon ya shiga ciki ne ya fito da wani ɗaurin daban, ya ce idan aka kwance goran darajarsa ta faɗi. Tafinta ya ce, "Haka ne Alhaji, masu tara shi a ɗaure suke so." Kuma lallai akwai masu son sa a ɗaure, shi ya sa maganar ta shige ni. Wa zai yi zaton wanda ya shayar da kai na gaske da hannunsa zai musanya maka a bayan labule? Kuɗin ma a hannun tafinta na zuba su, shi ya biya ta wayarsa, rasit kuma da rubutunsu, ashe ko shekarar ba a sa ba.

Na tura wa mai shagon hotuna ta WeChat, ya ce ni na ajiye a wuri mai laima. A Kano, cikin watan Maris, da ko tufafi ka shanya minti kaɗan sun bushe! Washegari ya toshe ni. Shi kuwa mai "a wuyana" ya ce shi fassara kawai ya yi, yanzu ko sallamata ba ya amsawa.

Idan za ku saya, a kwance a gabanku, a dafa daga faifan da za ku tafi da shi, kuma ku biya da hannunku. Hotunan hirarmu, rasit ɗin da hoton fumfunar duk suna wayata, da daddare zan ɗora su a nan. Duk wanda tafintan nan ya taɓa kaiwa shagon shayi ya yi min magana, na tabbata ba ni kaɗai ba ne.