Wata 14 da agogon zamani a hannuna: me ya tsinana mini?

Tambayar da aka fi yi mini tun da na fara ɗaura agogon nan ita ce, "Wai yana auna hawan jini?" Mai bi mata kuma, "Nawa ka saya?" Da wuya a samu wanda zai tambaya ko yana da amfani, alhali da ita ya kamata a fara. Yanzu da muka yi wata 14 tare, bazara da damina da hunturu duk sun same mu, zumuɗin sabon abu ya sake ni, zan iya faɗin abin da na gani.

Yadi da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Na faɗi haka ne don a san irin rayuwar da aka gwada agogon a cikinta. Ba na gudun safe, ba na zuwa gidan motsa jiki, ban iya ninkaya ba. Daga gida sai masallaci, sai Adaidaita Sahu, sai shago, sai majalisa bayan isha'i. Wanda rayuwarsa ta sha bamban da wannan, ya rage wani abu daga maganata.

Wannan ne agogona na biyu. Na farkon irin masu arhar nan ne da ake jerawa a tire, fuskarsa sak ta Apple Watch, kwalinsa ya fi shi kyau, har da madauri biyu na kyauta. Mai sayarwa ya lissafa mini abin da yake aunawa kamar mai karanta takardar asibiti: bugun zuciya, hawan jini, suga, iskar da ke cikin jini. Kwana 3 ina nuna wa mutane hannuna. Ranar ta huɗu a teburin mai shayi wani abokina ya ce in ba shi ya gani, ya ɗaura shi a jikin burodi ya danna. Muka zuba ido. Agogo ya yi ɗan tunani, ya ce burodi bugun zuciyarsa 78, jininsa 120 bisa 80. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe burodin nan ya fi mu lafiya." Ba a yi wata 3 ba fuskar ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba. Araha ba ta ado, na dai ji a jikina.

Kafin in sayi na biyu sai da na zauna na bambance su, domin sunan ɗaya ne amma kayan kashi-kashi ne. Akwai manya, waɗanda kusan ƙananan wayoyi ne a hannu. Apple Watch, wanda ya shigo kasuwa a 2015, da iPhone kaɗai yake aiki, kuma shekara da shekaru awa 18 kamfanin da kansa ya yi ta alƙawarin batirin zai yi. Galaxy Watch na Samsung kuwa, tun daga na 2021 da suka koma tsarin Wear OS na Google, sai mai wayar Android. Su ma kwana ɗaya ne zuwa biyu. Sai 'yan tsakiya, irin waɗanda Huawei da Xiaomi da Amazfit da wasunsu ke yi, da ba a cika loda musu manhajoji ba, shi ya sa batirinsu ke kai mako guda ko fiye. A wannan sahu na tsaya, kuma dalilina ɗaya ne: wuta. A gidan da ake iya kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba, inda waya da fitila da fankar caji da wayar uwargida ke layi a kan soket ɗaya in an kawo, ban ga hikimar ƙaro wani baki da zai nemi a ciyar da shi kullum ba.

Abin da ya fi yi mini amfani ba ya cikin abin da ake tallatawa da manyan baƙaƙe. Wayata ta daina fitowa daga aljihu, shi ke nan. Duk wanda ke hawa Adaidaita da magariba a garin nan ya san yadda ake ji in waya ta yi ƙara a aljihu ana tsaye a cunkoso, ga tunanin masu ƙwacen waya, ga tunanin ko kiran gaggawa ne daga gida. Yanzu sai in ɗan karkata hannu in ga suna. In Hajiya ce, in san yadda zan yi. In mai bin bashin da muka yi da shi sai Juma'a ne, ya jira Juma'ar.

A shago ma haka. Mai saye ya ce ya tura kuɗi, ni kuma hannuna ɗaya na riƙe da almakashi ɗaya na riƙe da bakin yadi. Da can sai in ajiye komai, in laluba aljihun 'yar ciki, in buɗe waya. Yanzu hannu zai ɗan yi tsuwwa, in kalla in ga alat ya shigo da adadinsa, in ci gaba da yanka. A rana ana iya yin haka sau 20. Sai dai in kuɗin da nauyi ba na sakin kaya sai na shiga manhajar banki na gani da idona, don alat na bogi ma a hannun zai bayyana tsaf kamar na gaske. Agogo abin da waya ta ba shi yake nunawa, ba ya tantancewa.

Abu na biyu shi ne tashin asuba. Ƙararrawarsa ba ta ƙara, girgiza take yi a tsintsiyar hannu. Muna da jaririya wadda in ta farka ƙarfe 4 to kowa ya gama barci a gidan. A azumin da ya wuce da shi na riƙa tashi sahur ina lallaɓawa waje, yarinya ba ta ko motsa ba. Uwargida, wadda da farko ta ce kuɗin cefanen sati nawa na ɗaura a hannu, ita ce daga baya ta ce, "Baban yara, wannan dai ya biya kuɗinsa." Daga bakinta wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Saƙonni kuwa rabi da rabi. Ana karanta na WhatsApp a fuskarsa, amma duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, nawa ɗan akwati yake nunawa a gurbin harafin, sai ka yi ta cike gurbi da ka. Babbar matsalar ma ita ce mu mutanen saƙon murya ne. Abokan cinikina na Maraɗi da Damagaram ba mai rubuta mini komai, magana suke turowa ta minti 2, agogo kuma iyakarsa ya ce an turo murya. Dole dai a koma wa waya. Amsa kira ta agogo na gwada sau biyu na bari: lasifika ce a buɗe, duk layin shagunanmu sai da suka ji farashin da nake ba wani dila. Kuma kada a manta, Bluetooth ne ke haɗa shi da waya, tazarar kamar mita 10. Ka bar waya a shago ka tafi masallaci, ya koma agogo kawai. Biyan kuɗi da agogo da ake nunawa a talla, a ɗora hannu a kan na'ura a wuce, ban taɓa samun inda zan gwada ba. Mu nan lambar asusu ce rubuce a jikin kwali, ko mai POS a bakin layi.

Akwai abin da babu mai sharhin ƙasar waje da zai gaya maka, wato zaman agogon da alwala da salla. An rubuta ruwa ba ya shigarsa, kuma gaskiya bai shiga ba. Amma sau 5 a rana sai ka sassauta shi ko ka cire don ruwa ya game hannu, in kuma ɗigon ruwa ya sauka a fuskar sai ta ɗauka yatsa ne ta kama buɗe abubuwa da kanta. Madaurin roba da ya zo da shi, da zafin watan Afrilu ya haɗu da gumi da ragowar ruwan alwala, ƙuraje ya feso mini zagaye da hannu. Na sauya na zare, shi kuma sai ya wuni a jiƙe. Yanzu cirewa nake yi gaba ɗaya, kuma sau biyu ina mance shi a kan dakalin da ake jera butoci. Allah ya sa masallacin 'yan layinmu ne. A satin farko kuma na sha kunya: na ɗaga hannu zan yi kabbara, fuska ta haska a sahu, ina sujada saƙonnin zauren 'yan ajinmu suna ta girgiza mini hannu. Sai da na kashe hasken ɗaga hannu, na kuma toshe sanarwar komai ban da kira da banki da mutum 4. Wanda ya bar shi yadda ya fito daga kwali, ya sayo wa kansa mai zungurinsa ne dare da rana.

Sai maganar lafiya, inda aka fi cin kuɗin mutane. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo shi ne ma'aunin. Jini yana shanye koren haske, to duk bugawar zuciya jinin da ke gudana a hannu yana ƙaruwa, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirga bugun. Agogon nan nawa na biyu in ina zaune lissafinsa yana dacewa da abin da na ƙirga da yatsa, kuma na ɗaura wa burodi ya ƙi ba da amsa. Iyakar abin da na yarda da shi ke nan. Manyan suna da ƙari na gaske, Apple ya sa ma'aunin tsarin bugun zuciya tun a 2018, amma shi kansa yana gargaɗin cewa agogon ba ya gano bugun zuciyar da ke kayar da mutum farat ɗaya. Suga kuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi mutane su guje su.

Wannan ya zame mini rigima a gida. Hajiya tana fama da suga da hawan jini, ta gaji da sukar yatsa kowace safiya. Wata maƙwabciya ta ce mata ai akwai agogon da ke yi. Da na je gaishe ta, ta kama hannuna tana juya shi, ta ce, "Kai ɗan nan, kana da abin a hannu ka bar ni ina ta zubar da jini?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi wannan ba ya yi, masu cewa suna yi ɗin ma lamba kawai suke ƙirƙira." Ba ta gamsu ba sai da na ba ta labarin burodi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne dattijuwar da za a saya wa irin na tiren nan, ya riƙa nuna mata 120 bisa 80 kullum, ta ajiye maganinta.

Ƙirgen taku abin dariya ne da kuma abin amfani a lokaci guda. Motsin hannu yake ji, ba ƙafa ba. In Adaidaita ya bi hanya mai ramuka sai in sauka da taku 600 da ban yi ba, ranar da ciniki ya buɗe kuma ina ta warware yadi ina aunawa, sai ya taya ni murna wai na yi tattaki. Taku 10,000 da yake ƙwaƙwata a cika kullum ma ba daga likitoci ya samo asali ba, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka sayar a Japan a 1965, manpo-kei, ma'ana mai auna taku dubu goma. Duk da haka ya nuna mini abin da ban so gani ba. Ranakun kasuwa da kyar nake haura 3,000, kuma mafi yawansu zuwa masallaci ne da dawowa. Na yi wata 2 ina sauka kafin a kai ni ƙofar kasuwa ina ƙarasawa da ƙafa. Zafi ya zo na bari. Abin da ya rage mini daga wannan himma shi ne sallar la'asar a masallacin da ya fi nisa.

Awon barci ban ga amfaninsa ba. Tashin asuba da komawa yana rikita shi, wani lokaci ya yanke lissafi a ƙarfe 5, ya ce barcina bai isa ba. Wannan kuwa ko bai faɗa ba na sani.

Abin da ya fi ba ni haushi caja ce. Wayar cajin waya ko a tasha ka ara, amma ta agogo 'yar maganaɗisu ce da aka yi dominsa shi kaɗai. Na tafi biki Zariya na kwana 4 da batir saura kaɗan, cajar tana gida. Na zagaya masu kayan waya, kowa ya ɗauko tasa a gwada, ba wadda ta zauna. Haka na ƙarasa bikin da baƙin gilashi a hannu, ina tambayar mutane ƙarfe nawa. A wurin na tuna Casio ɗin mahaifinmu, ɗan baƙin nan F-91W da aka fara yi tun 1989 kuma har yau ake sayarwa, wanda batirinsa ke kai kimanin shekara 7. Nawa da yana sabo kwana 9 yake yi, yanzu 5 ne, kuma a manne yake ruf, mai gyaran agogon bakin kasuwa ya juya shi ya miƙo mini ya ce ba aikinsa ba ne. Ke nan abu ne na 'yan shekaru, ba na gado ba.

To a saya ko kada a saya? In kana cikin masu karɓar kira da alat da yawa alhali hannunka na kan aiki, tela ne kai, ko mai shago, ko ma'aikaciyar jinya, ɗan tsakiya mai batirin mako zai yi maka rana, da sharaɗin kuɗinsa ba zai taɓa cefane ba. In don lafiya kake so, kai kuɗin kantin magani ka sayi na'urar awon jini ta damtse. In kuma don a gani a hannu ne, wannan ba ni da ta cewa, kowa da abin da ke faranta masa.

Watan jiya na gwada ajiye shi a gida mako guda don in ga me zan rasa. Taku da barci da bugun zuciya ko sau ɗaya ban tuna da su ba. Amma ranar Talata wata mata ta ce ta tura kuɗin shadda yadi 10, na karkata hannu na tsaya ina kallon fatar da ta yi fari a gurbin madauri, ita kuma tana kallona. Ranar Laraba jaririya ta farka da ƙarar waya ƙarfe 5 saura. Ban kai ƙarshen makon ba, ranar Alhamis uwargida da kanta ta ɗauko shi daga kan durowa ta sa a caji.