Ajin hutun da yarana suka koyi haƙuri da ruwan zoɓo da kanwa

Iyaye da dama a unguwarmu ta Agege sun tambaye ni ko ajin da na kai yarana biyu a dogon hutun da ya wuce ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma akwai gyara, kuma zan faɗi duka biyun tsakani da Allah.

Aji ne na koya wa yara hali da zama da mutane ta hanyar aikin hannu, ana yin sa a wani ɗakin taro kusa da gadar Pen Cinema. Yara ne 'yan firamare, Yarbawa sun fi yawa, sai Ibo da mu Hausawa. Ba littafi, ba allo. Ana raba su huɗu-huɗu a kan tebur, a ba su kaya a hannu. A kowane rukuni akwai mai aunawa, mai zubawa, mai rubutawa da mai kwashe kaya, kuma kullum sai an juya aikin. Wannan juyin shi ne zuciyar abin. Ɗana mai shekara tara yaro ne mai kaifin kai amma mai saurin fushi, ba ya son kowa ya riga shi taɓa abu. A can dole wata rana ya zama mai goge tebur, yana kallon wani yana yin abin da ransa ke so.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na zoɓo. An jiƙa shi, aka zuba ruwan a ƙananan kofuna. Aka matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. Aka zuba ruwan kanwa a wani, nan take ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Bayanin mai sauƙi ne: launin da ke cikin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi. Amma kafin a zuba, sai kowane yaro ya faɗi launin da yake zato, a rubuta. Nawa ya dage cewa fari zai koma. Da ya ga kore, sai ya ture kofin ya haɗe rai. Ina tsaye a bakin taga ina jiran a yi masa tsawa. Malamar ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce ya ja numfashi sau uku, sannan ta nuna masa takardar: cikin su huɗu ba wanda ya canka daidai. Ta miƙa masa tsumma ya share abin da ya zubar, ta ba shi sabon kofi. Ba a ba shi kunya ba, kuma ba a ƙyale shi ba.

Haka aka yi ranar gada. Da tsinken tsintsiya da zare kowane rukuni ya haɗa gadarsa, aka riƙa ɗora ledar fiya wata, wadda kowacce rabin kilo ce, har sai ta karye. Duk gadar sai da ta karye, abin da ake so ke nan. Da suka gano cewa ɗauri mai kusurwa uku ya fi mai kusurwa huɗu ƙarfi, sun sake daga farko ba tare da an ce wa kowa laifinsa ne ba.

'Yata mai shekara bakwai kuwa rini ne ya tafi da ita. Sun ɗaure farin ƙyalle da zare irin na adire da Abeokuta ta shahara da shi, suka tsoma a baba. Ƙyallen ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Da ta dawo gida na ba ta labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Washegari ta kai labarin aji, yarinyar da da ƙyar take ɗaga murya a makaranta. Ta dawo tana cewa, “Umma, Anti ta ce in sake faɗa kowa ya ji.”

Shugabar ajin ta gaya mana cewa sun gina tsarin ne kan ginshiƙai biyar da ƙungiyar CASEL ta Amurka, wadda aka kafa a 1994 don koya wa yara hali da zamantakewa a makarantu, ta tsara: sanin kai, kame kai, lura da halin da wasu ke ciki, iya zama da mutane, da yanke shawara da hankali. Wani babban nazari na 2011 da ya haɗa shirye-shirye 213 da ɗalibai sama da 270,000 ya nuna irin wannan koyarwa tana gyara hali, har sakamakon karatu ya ƙaru. Sai dai a makarantu aka yi waɗancan shirye-shiryen, don haka kada uwa ta ɗauka 'yan makonnin hutu za su sauya mata yaro ɗungurungum. Abin da na gani a gidana shi ne ɗana ya fara jiran ƙanwarsa ta gama magana, ba kullum ba, amma ya fara.

Yanzu gyaran. A ƙarshen kowane zama ana zaunar da yara a da'ira, kowa ya faɗi yadda yake ji da Turanci a gaban kowa. Yaranmu an rene su da kunya, wasu kuma Turancin bai zauna musu ba. Na ga wani yaro ɗan unguwarmu ya sunkuyar da kai har aka wuce shi, alhali a kan tebur shi ne ya fi kowa taimakon abokansa. Da za a bar irinsa ya zana, ko ya raɗa wa malama a kunne, ko a samu mataimakiya ɗaya mai jin Hausa, da an ji abin da ke ransa. Ga shi yaran sun yi wa malamai biyu yawa. Idan rigima ta tashi a tebur biyu lokaci guda, ɗaya sai ya jira. Lokacin tashi ma yana cin azahar, ba a tanadi wurin salla ba, kuma in ruwa ya sauko hanya ta cushe, da ƙyar muke riskar Islamiyya.

Na kai waɗannan koke-koke gaban shugabar, ta saurare ni da mutunci, ta ce, “Hajiya, za mu duba.” Duk mai niyyar kai nasa, ya nemi a bar shi ya kalli zama ɗaya kafin ya biya, ya kuma tambayi yara nawa ke hannun kowace malama. Ni dai in sun ƙara malama sun gyara lokacin tashi, zan mayar da nawa a hutun Disamba in Allah ya kai mu.